Muryar da Na Ara Wurin Tela

Shekarun baya can da nisa, ƴancin kai bai daɗe da zuwa ba, ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Dogon Dutsi. Mushe ne dai na suna. Wando biyu gare ni da keke mai kukan tsiya, amma in na ratsa kasuwa sai ka rantse ni na kori Nasara da hannuna. Abin da ya tuno mini wannan zamani shi ne surutun da kuke ta yi kwanakin nan kan shirin ban dariya da anka cire daga talabijin. Wasunku sun ce mi ya sa ban tanka ba, ni da ba a raba ni da magana. To ga dalili. Ba ni da bakin zagin mai almakashi, don ni ma na taɓa riƙe masa zare yana yanka.

A lokacin ba mu san talabijin ba, rediyo ne sarki. Akwai guda da anka ba lakwal ɗinmu, ni ke riƙe da mabuɗin akwatinsa da batiransa, kuma na ɗauki abin kamar sarauta. Duk Lahadi bayan la'asar nakan fito da shi gindin itacen bedi, jama'a su kewaye. Ana sako wani shiri daga Yamai mai haɗe-haɗe: a yi goge, a yi waƙar mata, a yi kacici-kacici, a karanta gaisuwa, sannan a rufe da ɗan wasan kwaikwayo. Garuruwa da yawa na aika nasu wasan, amma namu ne ya ƙwace shirin. Abokina ne sanadi.

Abokin nan nawa tela ne, rumfarsa na bakin kasuwa. Tare munka tashi. Kirista ne, a mishan ya koyi wasa, inda duk shekara shi ake ba mugun sarki don ba wanda ya kai shi iya zare ido. Mahaifiyarsa kuwa ƴar bori ce daga Matankari, tana da baƙar akuyarta da ba mai taɓawa. Uwa na yi wa doguwa hidima, ɗa na zuwa mishan, ni ina salla, kuma kwano guda muke sa hannu. Inna nake ce mata kamar yadda yake cewa. Shi kaɗai gare ta.

Shi ya ƙago Mai Jaki, wani tsohon baƙauye da ke shigowa birni da jakinsa yana tambayoyin wauta. Shi ne tsohon, shi ne jakin. Ni kuma ina fitowa a ɗan birni mai ba shi amsa, kullum ni ke ƙarewa da kunya. Wani abu da mutane kaɗan sunka sani shi ne na iya kwaikwayon muryarsa tun muna yara. Nakan ɓuya bayan labulen rumfa in yi wa masu ɗinki alkawarin gobe da muryarsa, su tafi, gobe su dawo su kama shi da faɗa.

Ga yadda ake aikin. Sau ɗaya a wata wani ma'aikaci yakan zo daga Yamai da na'urar ɗaukar magana, mai faifai biyu da zare na bi tsakaninsu. Mu tara mutane a filin lakwal don a samu dariya ta gaske, mu yi wasa huɗu a zama ɗaya. Amma kafin a sako, sai an haɗa da takarda da Faransanci mai bayyana abin da ke cikin kowane wasa, don babban da ke ba da izini can Yamai ba ya kama Hausarmu in mun sake ta da gudu. Ni ke rubuta takardar, ni ke sa hannu.

A shekarar nan an turo mana wani wakilin jam'iyya daga gabas, Babarbare, dogo, mai son taro. Yana da wata ɗabi'a: in ya yi jimla biyu a jawabi sai ya dakata ya ce, "A tafa!" Shi ke ba da umurnin tafin da kansa. To akwai wata rijiya da anka fara gina a wani ƙauye wajen Dogon Kiriya. Kun san ƙasar can, ruwa na da nisa. Magina ba su kai ga ruwa ba, ga shi an riga an gayyato manyan baƙi bikin buɗewa. Sai wakili ya sa anka shafe gindin rijiyar da yumɓu, anka tashi mata da jakuna kwana biyu suna jido daga tsohuwar rijiya suna zubawa a sabuwa. Ranar biki babban baƙo ya zura guga, ya jawo, ya kurɓa, anka tafa. Kafin rana ta fito washegari ƙasa ta shanye abinta. Kowa ya san labarin, har makafi, amma ba mai faɗa sai da hannu a baki.

Wata safiya na tsaya rumfar abokina, ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, "Mushe, Mai Jaki na son shi tai bikin rijiya."

Na ce, "Kai Tela, rufa mana asiri. Ba ka ga yadda ake kwasar mutane ba kwanan nan?"

Ya ce, "Tsaya mana. Wakili ba Babarbare ba ne? Mu ba Arawa ba ne? Tun da uwarka ta haihe ka, ina ka taɓa jin Babarbare ya kai Ba'are ƙara don wasa?"

Ƴan yau ba za ku ji nauyin wannan magana ba. Mu Arawa da Barebari taubasai ne, abokan wasa tun kaka da kakanni. Ba'are na iya tare Babarbare a tsakiyar kasuwa, ko da shi alƙali ne, ya cire masa hula, ya ce masa bawa, ya faɗa masa gaskiyar da ɗan uwansa ba zai iya faɗa ba. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma kunyar har ƴaƴansa. Mun tashi mun tarar da haka kamar yadda munka tarar da dutsen garinmu. Ban taɓa ganin wanda ya karya ta ba. Sai na ji tsorona ya sauka, har na fara ba da shawarar inda za a ƙara gishiri.

Wasan da munka yi, Mai Jaki ne ya zo biro, wato ofishin gwamnati, yana neman a rubuta jakinsa a matsayin idon ruwa. Ni ɗan birni na ce, "Tsoho, jaki ne idon ruwa?" Ya ce, "To ɗana, rijiyar garinmu daga bayanshi ruwanta ya hito. In gwamnati za ta ba rijiya lambar girma, a rataya mishi." Daga nan sai ya juya murya ya zama mai jawabi, dogon numfashi, jimla biyu, "A tafa!" Jaki ya kece da kuka. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba a kuma bukata. Ranar ɗauka sai da ma'aikacin Yamai ya tsayar da na'ura sau biyu don shi kansa ya kasa riƙe cikinsa. Inna na gaba-gaba, ta rangaɗa guɗa. Ni kuma na zauna na rubuta a takarda cewa wasan nasiha ne kan tsabtar rijiya, na sa hannu har da ƙawata shi.

Anka sako shi wata Lahadi. Litinin da hantsi wakili ya aiko kiranmu. Mun tarar da shi da dattawan gari. Yana ganinmu ya fashe da dariya, ya nuna mu ya ce, "Ga bayina Arawa! Kun ci ni, wallahi kun ci ni." Ya sa abokina ya sake yi masa "A tafa" a gabansa, ya yi dariya har da share hawaye, ya cika mana hannu da goro. Dattawa sunka yi ta sa wa wakili albarka, ana cewa wannan ɗan asali ne, ya san al'ada. A hanyar komawa ina tura keke ina cika baki. Na ce, "Ka gani ko? Ai na gaya maka ba abin da zai faru." Ni da na fara jin tsoro! Na manta da cewa haƙorin dariya shi ke cizo.

Bayan kamar kwana goma mota ta tsaya bakin rumfar abokina da rana tsaka. Jandarma biyu sunka gaishe shi da ladabi, sunka ce manyan rediyo na son ganinsa a Yamai. Gaban mota sunka sa shi, kasuwa duka na kallo, yana ɗaga wa mutane hannu. Ya bar rigar wani a ƙarƙashin allura, ya ce in gaya wa Inna jibi zai dawo. Allah ya gani, abin da na ji a lokacin hassada ce. Na ce a raina, tare muke wasa, shi kaɗai za a kira?

Jibin ni anka kira biro. Wakili na zaune, ma'aikacin Yamai na gefe kansa a sunkuye. Anka zuba mini shayi. Wakili ya ce, cikin natsuwa, bincike ya nuna abokina na ɗinka wa wasu maƙiyan gwamnati tufafi, masu ƙetara iyaka da dare, don haka an wuce da shi arewa. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ba don wasan nan ba ne fa, Mushe. Wasa tsakaninmu ne. Kai ma shaida ne ban yi fushi ba."

Sannan ya jawo takarda ya ajiye kusa da kofina. Tawa ce, mai tsabtar rijiya, ga sa hannuna da na ƙawata. Ya ce yaudarar hukuma a rubuce ba ƙaramin abu ba ne, amma shi ba ya son ɓata yaro mai gaba. Damuwarsa guda: in Mai Jaki ya ɓace daga rediyo, ƙasa duka za ta ce an kama shi don rijiya, a ce Babarbare ya yi fushi da taubashinsa. Shi kuwa ba zai ɗauki wannan kunya ba. Ya ce, "An ce mini ka iya muryarsa."

Ina son in gaya muku an mare ni, ko an ɗora mini bindiga. Da na samu abin faɗa. Ba wanda ya ko ɗaga murya. Matata na da ciki wata bakwai, mahaifina ya gama gaya wa duniya ɗansa mushe ne, ni kuma ina tsoron kaso, gidan yari, kamar mutuwata. Na ce wa kaina sati kaɗan ne, za a sako shi, har ma in ina yi musu biyayya zai fi saurin fitowa. Shayin bai huce ba na amsa. Ana cewa in gemun ɗan uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni shafawa na yi, sannan na matsa kusa ina jin ɗumi.

Daga nan aiki ya sake. Ba taro, ba filin lakwal. Wasa na zuwa a rubuce daga Yamai da hatimi a kowane shafi, mu shiga wani ɗaki bayan biro mu kulle, ni da ma'aikacin. In yi Mai Jaki, in yi jaki, in yi ɗan birni. Tsohon da ke tambayar da ke sa manya gumi ya koma yana tambaya, wa ya kawo mana hanya, wa ya kawo mana allura, sai a ba shi amsa ya yi godiya. Ba abin dariya ko guda. Amma ma'aikacin na da maganin wannan. Yana da tsohon zaren da anka ɗauka a filin lakwal, sai ya yanko dariyar mutane da almakashi ya liƙa bayan kowace magana. Ni ke riƙe masa bakin zaren. Dariyar ranar rijiya ce, na san ta sarai, don a cikinta akwai guɗar Inna.

A gari kuwa labari ya zauna daram: Tela ya samu aiki a Yamai. Ba ga shi ana jinsa duk Lahadi ba? Ni ne ke kunna rediyon, in zauna gefensa ina kaɗa ƙafa, muryar da na sata tana fita. Wasu tsofaffi sun ce Mai Jaki ya lalace tun da ya sha ruwan birni. Iyakar zargin ke nan.

Ga inda laifina ya fi girma. Wata biyu da tafiyarsa, babban malamin mishan ya zo gidana tare da shugaban teloli. Sun ce shiru ya yi yawa, ko wasiƙa babu, rumfa a rufe. Sun shirya su je wurin sarki a nemi a bincika, malamin ma ya ce yana da wanda ya sani a Yamai. Mutanen nan da sun tashi, wataƙila da an samo shi. Na dube su na ce, "Haba, ba ku ji shi ba shekaranjiya? Aiki ne ya yi masa yawa. Kar ku je ku ɓata masa wuri." Sunka yi mini godiya sunka koma. Ba wanda ya sake neman sa, don ba a neman mutumin da ake jin muryarsa.

Inna kuwa ba ta fashin Lahadi. Takan zo da ƴar tabarmarta ta shimfiɗa daf da rediyo, ba mai zama wurin. Da farko alfahari take, tana juyawa tana cewa, "Kun ji ɗana?" Duk wata sai ta ƙullo daddawa da yaji ta ba ni in ba mai zuwa Yamai. Ina zan kai? Nakan shigar da su gida in ce wa matata kyauta ce. Da daddawar nan anka yi miyar sunan ɗana na fari, na ci, na siɗe hannu.

Damina ta wuce, wata ta zo. Inna ta fara ciwon ƙafa, sannan ciwon ya hau ciki. Alfahari ya fara juyewa. Wata rana na je gaishe ta, tana kwance a bakin ɗaki, ta ce, "Mushe, zamna. Kai da ka iya rubutu, rubuta mishi. Ka ce ɗan da ke da bakin gaida wakili duk Lahadi, ashe ba shi da bakin gaida uwatai? Ko sunana ya yi mishi ƙauyanci?"

Na ce, "Inna, ba haka ba ne. Aiki ne."

Ta ce, "Aikin mi? Ni na goya shi ina daka. Shi ma aiki ne."

Maganar ta hana ni sukuni. Sai na yi wata dabara irin ta matsoraci. Na ce zan saka gaisuwa a cikin wasa. Don zumuɗi, tun ba a ɗauka ba na je na gaya mata cewa ya aiko, Lahadi ta sama zai gaishe ta a rediyo kowa na ji. Fuskarta ta washe, ta ce a wanke mata zanenta baƙi.

Ranar ɗauka, a ƙarshen wasa, na ƙara da muryarsa: "Ina gaida Innata ta Dogon Dutsi. Ta yi haƙuri, ina nan tahe." Ma'aikacin ya tsayar da na'ura. Ya bi takarda da yatsa har ƙasa, ya juya ta, ya dube ni.

"Wannan ba ya cikin takarda."

Na ce, "Don Allah, ɗan uwa. Gaisuwa ce kawai. Tsohuwa ce ba lafiya."

Ya ce, "Na sani. Amma can suna bi da takarda a hannu, kalma kalma. In ya ce yana nan tafe, za a ce wa ya ce ya ce. Ni ma ƴaƴa gare ni, Mushe."

Ya ɗauki almakashi. Abin da ya yanke bai fi taki ɗaya ba, ya faɗi ƙasa ya nannaɗe. Ban tsana mutumin nan ba, har yau. Maganar da ya faɗa mini ita ce wadda nake faɗa wa kaina kullum.

Da ina da zuciya ko ta kaza, da na je na gaya mata an fasa. Ban je ba. Na ma yi tunanin in ce batir ya mutu, amma jama'a sun riga sun taru. Anka kawo ta a amalanke, maƙwabta biyu sunka sauko da ita, da zanenta baƙi da kallabi sabo. Ta gayyato ƙawayenta. Anka yi goge, anka yi waƙa, anka karanta gaisuwar mutanen wasu garuruwa. Mai Jaki ya zo ya yabi hanya, ya gode wa manya ɗaya bayan ɗaya, jaki ya yi kuka, dariyar liƙi ta tashi, har da guɗarta a ciki. Sai kiɗan rufewa. Ta jira har mai labarai ya fara. Sannan ta ce wa maƙwabtan, a hankali, "Ku maida ni gida." Ba ta dube ni ba.

Ba ta kai wata guda ba bayan haka. Ina wurin ranar da jikinta ya yi tsanani, ɗakin cike da mata. Wata tsohuwa ta ce mata, "Ki sa wa ɗanki albarka, ko ba ya nan." Ta ce, "Ban yi mishi baki ba. Amma albarka, shi zo shi amsa da kainai." Ina tsaye bakin ƙofa. Kalma biyar sun isa: Inna, yana kaso, ni ne. Na san in na faɗa, kafin magariba gari ya ɗauka, kafin safe mota ta zo mini. Na haɗiye. Ta cika kafin la'asar.

Bayan wasu watanni anka ɗaga wakili zuwa babban matsayi, ya tafi, har da bikin ban kwana, ni ma na tafa. Mai Jaki ya daina fitowa, ba sanarwa, sai anka sa wani mai molo a wurinsa. Shekara biyu da ɗoriya da tafiyar abokina, wata rana ya sauko daga saman kamyo, babbar motar kaya, a tasha. Sai da mutane sunka dube shi sau biyu. Ya bushe, gashi ya zube, kuma tari ya cinye masa maƙogwaro. In ya yi magana sai ka matso, iska ce kawai ke fita da ɗan kaushi. A ranar gari ya gane inda yake tun farko, ya kuma gane wa ke magana a rediyo. Ban fita ba kwana uku.

Rana ta huɗu dole na je lakwal. Ina cikin aji sai na gan shi tsaye a taga. Ya yafito ni. Ya ce, "Mushe, taso."

Na bi shi ba tambaya. Munka fita gari, munka bi ta gonaki har maƙabarta. A hanya ya gaya mini, ba tare da ya juyo ba, cewa can ma akwai rediyo. Masu gadi sukan kunna duk Lahadi, su fito da shi su zaunar, su ce saurara, ga ka kana yabonmu. Ya ce tun numfashin farko ya san ni ne. Ya ce da farko murna ya yi, don ya ɗauka dabara nake, in rufe idonsu ina nema masa hanya ta bayan fage. Wata shida yana jira.

Munka tsaya gaban kabarin. An riga an gaya masa abin da ta ce, kalma kalma. Ya ce, "Gaya mata."

Na durƙusa, na fara, "Inna, ni ne Mushe..."

Ya dafa kafaɗata. "Ba da wagga murya ba. Ba ta yi hushi da wagga ba. Da waccan ta rediyo. Ni tawa ta tahi, kana ji. Tana wurinka."

Jama'a, da rana tsaka, ni mushen lakwal da alli a hannu, na buɗe baki na fito da muryar abokina a gaban kabarin uwarsa. Na ce ban ƙi ki ba, Inna. Na ce ɗaure ni anka yi. Na ce ban samu daddawarki ba, ban san kina ciwo ba, da na sani ko da rarrafe da na zo. Na ce ga ni na zo amsar albarka. Ina yi majina na zuba, amma muryar ba ta karye ba ko kaɗan, ta fito tsaf kamar yana da lafiyarsa. Yana tsaye yana saurare, idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Wallahi ka iya." Ya juya ya kama hanyar gari.

Ya buɗe rumfarsa ya ci gaba da ɗinki. Bai tona ni a taro ba, bai kai ni ƙara ba, bai hana ƴaƴansa shiga gidana ba daga baya da ya yi aure. Mukan gaisa. Amma ban sake ganin haƙoransa ba, kuma bai sake kwaikwayon ko kukan kaza ba. Shekaru bayan haka, da talabijin ya zo, wasu samari sunka biyo ni wai a farfaɗo da Mai Jaki a nuna shi. Na ce musu ya mutu.

Na daɗe ina juya abin nan. Mun yi wauta da munka zaci al'ada za ta tsare mu. Wasan taubasai na aiki ne in ni da kai muna tsaye a ƙasa ɗaya, in na cire maka hula kai ma kana iya cire mini. Ranar da ɗaya ya samu mota da jandarma, sai ya ba ka goro a gaban dattawa, ya aiko maka da mota bayan sun watse. Wakili bai karya al'ada a idon kowa ba, kuma har ya mutu ana yabonsa da son wasa. Wannan na ba ni haushi har gobe. Amma haushin da ya fi shi ne, shi bai iya muryar abokina ba. Da na ce a'a, da shirin ya yi shiru, da shirun nan kaɗai ya gaya wa Inna gaskiya.

Sau ɗaya na nemi gafararsa da baki, mun riga mun tsufa, yana kwance ciwon da bai tashi ba. Na zauna bakin gadonsa na ce, "Tela, ka yafe mini." Ya sa in matso da kunnena kusa da bakinsa.

Ya ce, "Nawa na yahe tun ina can. Nata kuwa, Mushe, ba ni da shi balle in ba ka. Ni ma ban samu ba."